Hanyar Bayan Rumbu

Matar ta iso Dutse da hantsi, a tsakiyar bazara, shekara bakwai bayan Nasara sun ci Kano. Ayarin fataken da ta biyo daga ƙasar Zazzau ya wuce Jahun da jakunansa, ita kuwa ta tsaya a bakin wata 'yar unguwa da ke gindin duwatsu bayan Limawa, ƙunshin tsummanta a ka, ƙafafunta duk faso. A gidan da ta baro, Alheri ake ce mata, irin sunan da ake laƙa wa baiwa don ta manta da nata. Ita dai ba ta manta ba. Sunanta Mu'minatu, 'yar Malam Falalu mai makarantar allo. Tana da shekara goma mahara suka sure ta a bakin gonar dabino, ta kai wa masu aiki ruwa. An sayar da ita sau uku. Shekara ashirin da takwas ta yi tana daka hatsin wasu tana goyon 'ya'yan wasu, har ubangidanta na ƙarshe ya ji mutuwa ta matso, ya 'yanta ta don neman lada. Ko zane bai bar mata ba, amma ladan nan yana so a rubuta masa shi cif.

Ba ta tambayi kowa hanya ba. Ƙafarta ce ta kai ta ƙofar gidan ubanta, ta yi sallama a bakin zaure.

A ciki wani ƙosasshen mutum ne zaune kan buzu, an baza masa dabino a tabarma yana tsince masu tsutsa. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane shi. Nata'ala ne, ɗan baffanta, wanda ya girme ta da shekara huɗu, wanda suka ci tuwo a akushi ɗaya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Yaya Nata'ala, ni ce Mu'minatu. Ina Malam? Ina Inna?"

Hannunsa ya tsaya cak a kan dabinon. Ya dube ta tun daga goshi har ƙafa, ya sake dubawa. Wallahi ya gane ta, don ba a kallon baƙo haka. Amma me ya fito daga bakinsa?

"Malam Falalu ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan. Matarsa Adama ta riga shi. 'Yarsu kuwa tun tana yarinya ta mutu, an yi mata addu'a an watse. Ke wace ce?"

"Wa ya ga gawata, Yaya?"

"Kada ki ƙara ce mini Yaya. Me ake kiranki a can inda kika fito?"

Ta faɗa masa, don ba ta iya ƙarya ba.

"To, Alheri, Allah ya ba da haƙuri. Nan ba masauki ba ne."

Kuka bai zo mata ba a lokacin, duk da labarin mutuwa biyu da aka jefa mata a tsaye, ko zauna ba a ce mata ba. Haushi ne ya riga hawaye fitowa. Ita ba dabino ta zo nema ba. Ɗaki ɗaya take so a gidan da aka binne cibiyarta, da mutanen da za su kira ta da sunan da aka raɗa mata ranar suna. Amma Nata'ala ba ɗaki yake gani ba. Malam Falalu bai bar wani ɗa ba, don haka gida da gonar dabino duk sun faɗa hannunsa, kuma ya san ranar da aka ce wannan matar 'yar Malam ce, ranar nan rabin gonar ya bar hannunsa.

Bayan azahar aka taru a zauren mai unguwa Gwadabe. Dattijo ne mai son a zauna lafiya, irin wanda in an mari mutum a gabansa zai ce da wanda aka mara ya yi haƙuri don ya fi kusa. Liman Idirisu yana gefen damansa da carbi. Lado marini yana bakin ƙofa, hannayensa shuɗi har gwiwar hannu. Sauran magidantan unguwa sun cika zauren, Nata'ala a tsakiyarsu ya sha rawani. Mu'minatu tana durƙushe a ƙasa.

Gwadabe ya ce, "Ke baƙuwa, kin ce nan aka haife ki. Shaida ba ki da shi, iyayen da kike ambata sun rasu. To kwatanta mana unguwar nan yadda kika bar ta. In 'yar gida ce ke, za mu ji."

Da ya san abin da ya taɓo, da bai tambaya ba. Unguwar nan ita ce wuridin Mu'minatu. Shekara ashirin da takwas, duk sanda ta ɗaga taɓarya a gidan wani, lungunan nan take bi a zuciyarta ɗaya bayan ɗaya don kada su ɓace mata. Ta gyara zama.

"Ranka ya daɗe, in ka fito daga zauren gidanmu ka fuskanci gabas, dutsen nan ne babba da ƙarami a kansa, kamar an ɗora tulu a gammo. Da safe inuwarsa tana kaiwa har ƙofarmu, sai hantsi ya ɗaga take janyewa. A hagu masallaci ne, da durumi a bakinsa. A gindin durumin akwai wani ɗan dutse mai kwarmi inda ɗaliban Malam suke wanke alluna, har dutsen ya yi baƙi da tawada."

Nata'ala ya ce, "Dutse da masallaci ai yau ta gan su da idonta."

Aka ce haka ne.

Ta ci gaba. "A dama lungu ne siriri, jaki mai mangala ba ya shigarsa sai an sauke masa kaya. Ƙarshen lungun kuka ce mai kai biyu, da kogo a jikinta inda zuma take zama. Ba a jifan kukar nan da rana tsaka. Bayanta marina ce, karofi tara. Da damina ruwan baba yana malalowa ya rina ƙasar lungun, duk yaron unguwar nan tafin ƙafarsa shuɗi ne har kaka. Daga marina sai rijiya mai bakin itacen kirya, igiya ta ci itacen ta yi masa tsaga-tsaga, kowace mace da tsagar da take zura gugarta. Ruwanta zartsi ne, wake ba ya dahuwa da shi, in za a dafa wake sai an je fadama. Daga rijiya gonakin dabino suka fara, suka gangara har fadamar. In sanyi ya shigo maza suna hawa da furen namijin dabino a aljihu su ɗaura a kan ta mace, mu yara muna ƙasa muna tsintar abin da ya faɗo. Na Malam su ne na farko a hannun hagu. Akwai ɗaya karkatacciya da iska ta kwantar amma ta ƙi mutuwa, ita ta fi duka zaƙi."

Kukar nan babu ita yanzu, marinar ma babu, rijiyar an cike ta. Shekara uku da suka wuce wani Bature mai auna hanya ya zo ya miƙe igiyarsa daga gari zuwa Kiyawa, duk abin da igiyar ta hau kansa aka tashe shi. Mutanen da ke zaune a zauren nan su aka sa suka sare kukar da gatarinsu, kwana shida suna yi, zuma tana harbinsu. Lado da hannunsa ya zuba ƙasa a karofin ubansa yana hawaye, ya koma yin rini a Kiyawa. Babu wanda bai san gaskiya take faɗa ba.

Nata'ala ya yi dariya. "Kukar nan wane falke ne bai sauke kaya a gindinta ba? Wane ne bai sha ruwan rijiyar ya tofar ba? Da fatake ta zo. Kwana nawa suna tafe suna hira?"

Mu'minatu ta juya wajen Lado. "Kai ne Lado ɗan Baba Marini. Karofi tara ne ko ba tara ba ne?"

Lado ya sunkuyar da kai yana kankare shunin farcensa. Duk shekara in dabino ya nuna, masaki guda ake kai masa daga gidan Nata'ala, haka liman, haka mai unguwa, haka rabin zauren. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Da ƙyar ya ce, "To, ai an daɗe. Mutum ba ya riƙe komai."

Don Allah a duba wannan shari'a. Abin da ke nan, an ce yau ta gani. Abin da babu, an ce a bakin fatake ta ji. To me ya rage mata ta faɗa? Dattawa da gemu, wasu da tabon salla a goshi, sun zauna suna kallon marainiya tana zana musu unguwarsu lungu-lungu, kowa ya maƙe kamar bakinsa cike da gari. Ko kunyar Malam Falalu da ya koya wa rabinsu alif ba su ji ba.

Gwadabe ya yi gyaran murya. "To, Alheri, kin dai ji. Abin da kika faɗa duk na waje ne, mai wucewa ma zai iya sani. In babu wani abu..."

"Akwai, ranka ya daɗe."

Wani abu a ƙirjinta ya ce mata ta yi shiru, kamar an ja gefen zanenta. Amma sau biyu ke nan ana ce mata Alheri a unguwar ubanta, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Zan faɗi abin da falke bai taɓa gani ba. A cikin gidanmu, bayan babban rumbu, akwai zana ɗaya a jikin danga wadda ba a ɗaure ta ba sai ta gefe guda. Dutse ake tokare ta da shi. In ka ture dutsen ka tura zanar, sai ka faɗa gidan su Lado, daidai bayan murhu. Ka ratsa tsakar gidan, bayan akurkin kaji akwai wata. Ita ke fitar da kai gidan liman, inda dutse ya shigo har tsakar gida da kwarmi uku da ake niƙa a kai. Daga nan bayan rumbun wake. Haka za ka yi ta bi, gida bakwai, ba ka taka lungu ko sau ɗaya ba, har ka ɓulla kan falalen dutsen da ke bayan unguwa. A can akwai kwarmi babba mai riƙe ruwan sama, manyan duwatsu sun kare shi ta ko'ina, daga ƙasa ba a ganinsa. Nan mata suke wanki, su shanya a kan dutse, su yi kitso, su yi hira har inuwa ta juya. Ta hanyar nan ake aron garwashi da safe. Ta nan ake miƙa gishiri da daddawa. In naƙuda ta kama mace mijinta yana gona, ta nan ake zuwa mata. Inna ta bi ta da ni a goye, na bi ta da ƙafata. Wane falke ne ya ba ni wannan labari?"

Carbin liman ya tsaya a hannunsa.

Ka san magidantan unguwar nan da alfahari. Unguwar malamai ce, matansu a kulle suke, kowa yana bugun ƙirji cewa tasa ba ta taɓa leƙa zaure ba sai da izininsa. Namiji kuwa me zai kai shi bayan rumbu ko bayan murhu? Ya shigo ya ci tuwo, ya duba akuyarsa, ya fita. Sun yi shekara da shekaru a gidajensu ba su san gidajen ba.

Liman Idirisu ya ce a hankali, "A gidana? Iyalina suna ratsa gidajen maza babu mayafi, babu izini?"

Wani daga baya ya ce, "In wannan magana gaskiya ce, yau akwai wadda za ta kwana a gidan ubanta."

"Ba ɗaya ba," in ji wani.

A nan ne Mu'minatu ta gane ɓarnar da ta yi. Ta dubi fuskokin nan, ta ga babu mai tunanin 'yar Malam Falalu a cikinsu. Kowa matarsa yake tunani, da abin da zai yi mata. Mutum biyu har sun fara laluben takalmansu.

Gwadabe ya ɗaga hannu, don shi tashin hankali ne ba ya so. "Kowa ya zauna. Babu mai fita. Gani ya kori ji, amma namiji ba ya shiga gidan wani, kuma ba zan yarda kowa ya zama shaida a kan gidansa ba. A kira mini Iya Dada."

Iya Dada ita ce ungozomar unguwa, tsohuwa tukuf mai tafiya da sanda, wadda babu gidan da ake yi mata shamaki. Duk wanda ke zaune a zauren nan, in ban da dattawa uku, ita ta yanke masa cibiya. Da ta shigo, Mu'minatu ta ji kamar ta tashi ta rungume ta. Tsohuwar ta ranƙwafe, haƙoranta sun zube, amma ita ce. Ita ta karɓi haihuwarta, ita ta huda mata kunne, ita ke ba ta ƙanzo in ta bi uwarta gidanta.

"Iya, ina wuni. Ni ce..."

"Ki bari a yi mata bayani," in ji Nata'ala.

Gwadabe ya maimaita mata duk abin da baƙuwar ta faɗa, tun daga zanar bayan rumbu har kwarmin kan dutse. Tsohuwar tana saurare, idonta a kan Mu'minatu, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ya ce, "Iya, ki shiga gidajen nan bakwai ki dubo mana. Abin da kika gani shi za mu ɗauka. In akwai hanya, matar nan 'yar gida ce, sauran magana kuma tsakanin kowa da iyalinsa. In babu, ta yi mana ƙarya."

Iya Dada ta ce, "To." Ta dogara sandarta ta fita.

An daɗe ana jira. Inuwar zaure ta miƙe, aka kawo buta, maza suka yi la'asar a nan ƙofar mai unguwa don kada wani ya sulale gida. Mu'minatu ta yi tata a gefe, ta rasa abin da za ta roƙa. In tsohuwar ta ce akwai, ta samu sunanta da ɗakin ubanta, mata kuma su sha duka da saki saboda bakinta. In ta ce babu... amma ta yaya za ta ce babu? Iya Dada ta fi kowa bin hanyar nan, da ƙwaryar magani a hannu.

Sai ga tsohuwar ta dawo tana haki. Ta zauna a dokin ƙofa ta miƙe ƙafa. Mu'minatu tana kusa da ita, don haka ita kaɗai ta lura da ƙaiƙayin zana da ya manne a zanen tsohuwar, da yatsunta da igiyar rama ta yanka, jini yana tsattsafowa.

Gwadabe ya ce, "Iya, me kika gano?"

"Na shiga gida bakwai, kowanne ta ƙofarsa, na fito ta ƙofarsa. Na duba bayan rumbu, na duba bayan murhu, na duba bayan akurki. Yanzu haka da nake muku magana, danga ce ɗaure tam. Ko kaza ba ta wucewa."

Ka ga ajiyar zuciya. Liman ya ci gaba da jan carbinsa yana hamdala. Mutanen da ɗazu suke neman takalmi suka hau dariya suna tafawa, kowa yana cewa da ma ya san iyalinsa. Lado ma bakinsa ya buɗe, har da cewa shi tun farko bai yarda da matar ba. Mutumin da ɗazu ya kasa tuna karofin ubansa!

Gwadabe ya yanke hukunci a taƙaice. Baƙuwa Alheri ba ta kawo hujja ba, ta kuma yi wa matan mutane ƙazafi, amma tun da wahala ta taɓa ta, an yafe mata. Kada ta ƙara zuwa ƙofar Nata'ala da wannan magana. Nata'ala ya tashi ya shaƙi iska, ya zura hannu a aljihu ya ɗebo dabino cike da tafi, ya zuba a gabanta a ƙasa.

"Ga sadaka, ki yi guzuri."

Dabinon ubanta ne, na karkatacciyar nan, ta gane su da tsawonsu. Ba ta taɓa ba. Ta ɗauki ƙunshinta ta fita.

Iya Dada ba ta yi nisa ba, tana tafe a hankali a gefen sabuwar hanyar Bature, daidai inda kukar take a da. Mu'minatu ta cim mata ta sha gabanta. Babu kowa kusa sai wasu awaki.

"Iya, ki ji tsoron Allah ki dube ni."

"Tun ɗazu na dube ki, Mu'minatu."

Ƙunshin ya faɗi daga kanta. Shekara ashirin da takwas rabon da ta ji sunan nan a bakin wani. Sai yanzu hawayen suka zo, na uwa da na uba da na komai, ta durƙushe a kan hanya ta riƙe ƙafar tsohuwar.

"To me ya sa, Iya? Kin san ni ce. Kin san akwai hanya."

"Akwai ta har bayan azahar ɗin yau." Tsohuwar ta nuna mata yatsunta. "Ni da su muka ɗaure, gida-gida, suna kuka. Ban yi wa mai unguwa ƙarya ba, abin da na baro shi na faɗa masa."

"Kin kashe ni da raina."

"Mata goma sha tara ne a gidajen nan. In tsaya a gaban maza in ce akwai, in tura su ina? Safiyatu matar Lado cikinta wata tara, mijinta kullum yana kasuwar Kiyawa, ni kuma ƙafata ta mutu. Maƙwabtanta ne za su riƙe ta kafin in iso. Yanzu ta ina za su shiga? Hanyar nan tun kakannin kakanninmu take, Nasara da igiyarsa bai gan ta ba, maza da suke kwana a gidajen ba su gan ta ba. Ke kika zo rana ɗaya kika shimfiɗa ta a zaure."

"Ai za a kwance, Iya. In an kwana biyu..."

"Ba bana ba, ba baɗi ba. Sun yi dariya, amma maganar ta shiga kunnensu. Daga yau kowane namiji sai ya riƙa leƙa bayan rumbunsa." Ta buga sandarta a ƙasa. "Adama ba ta ja miki kunne ba? Duk yarinyar da aka fara bi da ita ta nan sai an ja mata kunne. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Ta ja, Iya. Shekarata goma. Sun ƙi dutse, sun ƙi kuka, sun ƙi rijiya. Ita kaɗai ta rage mini."

Tsohuwar ta jingine sandarta. Ta sunkuya da ƙyar ta dafa kan Mu'minatu, ta shafa kunnen da ta huda da hannunta.

"Na sani. Allah ya isa tsakaninki da su, da wanda ya ɗauke ki, da wanda ya saye ki. Amma ni ba zan tsaya miki shaida ba, kuma babu macen da za ta tsaya. In aka ce ke ce, an ce da hanya ke nan. Kin gane?"

Ta gane. Ta ɗaga kai kawai.

"Tashi. Ɗakina da fili, ni kaɗai ce, ina bukatar mai ɗebo mini ruwa. In mun rufe ƙofa ke Mu'minatu ce, in ba ki labarin uwarki har ki gaji. In da mutane, sai dai ki yi haƙuri."

Mu'minatu ta share fuskarta da gefen zane, ta ɗora ƙunshin a ka, ta bi bayan tsohuwar. Babu wata hanya zuwa ɗakin Iya Dada sai ta gaban gidan Malam Falalu. Daga ciki ana jin sautin daka, a turmin da ta san muryarsa. A ƙofar zauren wani baƙon malami ne zaune yana jiran Nata'ala, ya gaida tsohuwar, sannan ya dubi matar da ke bayanta.

"Iya, baƙuwa kika yi?"

"Baƙuwa ce," in ji Iya Dada, ba ta waiwaya ba. "Daga Zazzau take. Alheri, gaida Malam."

Mu'minatu ta durƙusa a ƙofar gidan ubanta ta gaishe shi.